Dannawa Miliyan 50, To Dalmar Fa?

Idan ka sayi kibod mai araha, irin mai ƙaras-ƙaras ɗin nan da kowane maɓalli ke da makunninsa, sau da yawa za ka ga an rubuta a kwali cewa yana jure dannawa miliyan 50. Wannan adadin na makunnin ne kaɗai. Ba wanda ya ce maka komai game da dalmar da ta liƙe ƙafafunsa biyu da fanel.

Tsohuwar dalma mai guba tana narkewa a digiri 183. Marar gubar, wadda masana'antu suka koma wa bayan dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a 2006, sai wajen digiri 217. Idan zafi bai isa ba, ko aka yi gaggawa, sai ta dunƙule a kan ƙafar ba ta kama tagullar fanel sosai ba. Ranar farko lafiya lau. Bayan dubban dannawa sai ta tsage, harafi ya fito yanzu, anjima ya ƙi.

Abin haushin, an kashe kuɗi kan fitilu kala-kala, an tsuke hannu wajen duba liƙi. Kafin ka jefar da naka, kai wa mai gyaran waya ya sake narka wurin, aikin 'yan mintuna ne.