Tsohuwar Dabara Cikin Sabuwar Riga

A zamanin nan samari masu neman ci gaba sun ƙwallafa rai a kan abu biyu, watau manhajojin wayar hannu da littattafan Turawa masu koya wa mutum yadda zai tsare lokacinsa, ya ƙara ilminsa, ya kuma gyara halinsa. Zancen bai tsaya a birnin Kano ba, ya iso har ƙasar Karaye da Rogo, inda yawancin jama'a manoma ne, da masunta, da 'yan kasuwa. Tun da yake saurayi yakan kashe kuɗinsa wajen sayen data da biyan caji, ya kuma ba da lokacin da zai yi a gona ko gaban malami, ya kamata a auna waɗannan abubuwa a ga ko ribarsu ta kai abin da suke ci.

Ma'aunin da za mu ɗauka shi ne wani ɗan littafi da aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamanmu, watau Ta'alimul Muta'allimi na Shaihu Burhanuddini Zarnuji. Wannan malami almajirin mai littafin Hidaya ne, wanda ya rasu a 1197, saboda haka littafin ya kai shekara 800 a duniya. Fasali 13 gare shi, dukkansu kuwa a kan yadda ake neman ilmi suke: niyya, da zaɓen malami da abokin karatu, da nacewa, da gwargwadon darasi, da lokacin da ya fi dacewa da karatu. Ashe ke nan abin da ake kira sabon ilmi yau, mu muna da shi a gafaka tun da daɗewa.

Mu fara da manhajar da ta fi sauran amfani ga mai karatu, sunanta Anki, wadda ta fito a 2006. Aikinta kaɗan ne. Mutum zai rubuta tambaya a fuska ɗaya, amsa a ɗaya fuskar, ita kuwa sai ta riƙa kawo masa su. Abin da ya amsa daidai sai ta jinkirta shi kwanaki, in ya sake amsawa ta ƙara nisan. Abin da ya manta kuwa sai ta maido shi nan kusa. Tushen wannan dabara binciken wani Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus, wanda ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon koyon abu, sa'an nan ta riƙa raguwa in ana bita. To, shi Zarnuji ya shawarci almajiri ya maimaita karatun jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, na gabansa sau 3, har a sauko kan 1. Ya kuma ce kada darasin mai farawa ya wuce abin da zai iya riƙewa in ya maimaita sau biyu. Duk wanda ya ga yadda gardi yake tilawa kafin ya wanke allo ya san wannan hanya. Abin da Anki ta ƙara shi ne lissafi, domin ba ta mance ranar da ya kamata a koma kan kowane abu. Tana kuma aiki ko babu intanet, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne ga mutumin Zarewa ko Beli. Ɗan makarantar da ke shirin jarrabawa ya same ta ya sami bara mai biyayya.

Akwai kuma Duolingo, ta koyon harsuna. Darussanta gajeru ne, wannan abin yabo ne. Amma tana ƙidaya wa mutum kwanakin da ya jera bai yi fashi ba, tana yi masa kirari, har ya wayi gari abin da yake tsaro shi ne ƙidayar, ba harshen ba. Fasalin farko na gyaran almajiri wurin Zarnuji niyya ce, in kuwa niyya ta koma kan yawan kwanaki, an yi sakin reshe an kama ganye. Bayan wannan, ana koyon Suwahili da Zulu a cikinta, amma ba a yi wa Bahaushe darasi da harshensa ba, tilas sai ya bi ta wani harshe, galibi Turanci. Wanda bai yi nisa a boko ba, ƙofa a rufe take gare shi.

Sai dabarar tsaron lokaci da ake kira Pomodoro, wadda wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, ya ƙago a ƙarshen shekarun 1980. Cewa ya yi mutum ya yi aiki minti 25 ba waiwaye, ya huta minti 5, sa'an nan ya koma. Manhajoji da yawa an gina su a kanta. Ga akawu ko ɗalibi mai tebur da kujera tana da kyau. Amma manomi da damina ba agogo ke ba shi umurni ba, sama ce. Ranar da aka yi ruwan shuka babu hutun minti 5, haka kuma ranar gayya ba mai ajiye fartanya don waya ta yi ƙara. Shi kuwa masunci a madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, lokacinsa na bin kifi ne. Mutanenmu sun riga sun raba yini da asuba, da hantsi, da walaha, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha. Zarnuji ya zaɓa wa mai karatu lokacin sahur da kuma tsakanin magariba da lisha, waɗannan kuwa lokatai ne da gona ba ta nema, kasuwa ma ba ta nema. A nan tsohon malami ya fi Ba'italiye sanin halin talaka.

Daga cikin littattafai, wanda ya fi suna yanzu shi ne Atomic Habits na James Clear, mutumin Amurka, wanda aka buga a 2018. Gaskiyar da ke cikinsa ita ce ƙananan ɗabi'u in an dawwama a kansu suna tara babban abu, kuma mutum ya jingina sabuwar ɗabi'a ga tsohuwa don kada ya manta. Wannan shawara ta dace da mu ƙwarai, gama mai salla biyar yana da turaku biyar da zai ɗaura karatunsa. Inda marubucin ya yi zuƙu shi ne lissafinsa na cewa wanda ke ƙaruwa da kashi 1 cikin 100 kullum zai ninka kansa wajen sau 37 a shekara. A takarda lissafin daidai ne, amma ɗan Adam ba kuɗin banki ba ne. Manomin da ke nome kunya 10 a yini ba zai nome 370 baɗi ba, komai himmarsa. Saurayin da ya ɗauki wannan alkawari da gaske, in shekara ta zagayo bai gani ba, sai ya karaya, ya zaci shi ne rago. Har wa yau littafin ya ɗauka kowa na da iko da yininsa, alhali kuwa yaron da ke gandun mahaifinsa ba shi ke yanka wa kansa aiki ba.

Kada mai karatu ya zaci muna nufin littafin Zarnuji ba shi da abin gyara. Cikin abubuwan da ya lissafa masu kawo mantuwa har da cin tuffa mai tsami da karanta rubutun kan kaburbura, waɗannan kuwa ra'ayin mutanen zamaninsa ne, likitoci ba su tabbatar da su ba. Amma ya riƙe abu biyu da babu manhajar da ta maye gurbinsu, watau malami da abokin karatu. Waya takan tuna maka abin da ka rubuta mata, in kuskure ka rubuta kuskuren za ta haddace maka, ba kamar alaramma ba, wanda zai duba allo ya gyara. Ga shi kuma cikin wayar nan da ake karatu, nan Facebook da TikTok suke zaune, kamar a kafa makaranta a tsakiyar dandali.

Saboda haka hukuncinmu shi ne, a karɓi Anki da ire-irenta don bita, bayan malami ya ba da karatu ya kuma gyara. A ɗauki shawarar Clear ta farawa da kaɗan, a bar masa lissafinsa. Tsarin lokaci kuwa a gina shi a kan salla da yanayin shekara, a ƙara karatu da rani, a rage da damina ba tare da an yanke ba.

Saura kira ga marubutanmu. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, domin wanda ya koyi karatu da girmansa ya sami abin karantawa da harshensa a kan zamansa da sana'arsa. Irin wannan aiki ake bukata yanzu cikin waya. A rubuta wa mai rake a Rogo yadda zai tsare lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu, a shirya wa mai noman rani a Karaye darussa gajeru da Hausa, a haɗa da murya saboda wanda bai iya boko ba. Samarin da suka koyi ƙera manhaja su ma nasu rabon aikin ke nan, in sun haɗa kai da malamai. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon aiki da shi, amin.