Kalmar "Chief" da Fassararta a Kudancin Kogin Kaduna

Kalmar Ingilishi "chief" daga tsohon Faransanci ta fito, can asalinta kuwa Latin ne, ma'anarta kai, watau wanda ke bisa jama'a. Da Turawa suka kafa mulki a Arewa sai suka ɗora mata wani nauyi dabam. A takardunsu sarakunan da suka gaji tutar Sakkwato "Emir" ne, wasu kuwa, kamar na Kagoro da Jaba da Marwa, "Chief". Hausa ba ta san wannan rabo ba. Yadda ake cewa Sarkin Zazzau, haka ake cewa Sarkin Kagoro, ko da a zamanin Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har ya rasu a 2008. Majalisar da aka kafa a Kaduna bisa tsarin mulkin Richards na 1946 ma, Majalisar Sarakuna aka kira ta, sunan ya game kowa.

Abin lura shi ne, da Hausa ta ari kalmar ta mai da ita "cif", ba ta kai ta fada ba. Ofis ta ajiye ta, kusa da Razdan da Di'o, aka sami Cif Joji. Ta kuma bar wa manyan Kudu abinsu, ana rubuta Cif Awolowo, don an san lakabin girma ne, ba sarautar ƙasa ba.

A Kakuri da Makera kalmar ta ƙara sauka. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, ma'aikata daga ko'ina cikin Nijeriya suka cika unguwannin nan, kowa da irin girmamawarsa. Masaƙun yawanci sun mutu, amma maganar da suka bari tana nan. A tashar mota ta Television ko kasuwar Sabon Tasha, wanda ya sa babbar riga "cif" ne, sai dai in "oga" ta Yarbanci ta riga ta zuwa bakin mai magana. Ba laifi ba ne. Hausa ma tana da sarkin tasha da sarkin pawa, ba wanda ya taɓa ruɗa su da mai sandan girma.

Inda gyara yake shi ne wajen masu fassara. Wasunsu in sun ga "Emir" sai su rubuta sarki, in sun ga "Chief" sai hannu ya yi sanyi, su rubuta cif, ko hakimi. Na biyun ya fi muni, gama hakimi a ƙarƙashin sarki yake. Mutanen Gbagyi, waɗanda aka tarar a wannan ƙasa kafin Lugard ya zaɓi Kaduna, sun daɗe a ƙarƙashin Zazzau, sai a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi suka sami masarautar kansu. Wanda ya kira mai wannan gado hakimi, ya mayar da shi inda ya fito da alƙalami kawai. A garin da rikicin shekarar 2000 ya sa mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa wannan gefen kogi ko wancan, mai sauraron labarai a Narayi ko Barnawa yana jin irin wannan bambanci tun kafin a ƙare jimlar.