Likitan Dabbobi a Talabijin: Abin da Shirin Herriot Ya Nuna da Wanda Ya Rufe

Wani ɗalibi da ke shirin cike JAMB ya turo mana tambaya kwanaki. Ya ce ya kalli shirin All Creatures Great and Small, zuciyarsa ta kwanta da karatun likitan dabbobi, shin haka aikin yake? Sai da na koma na sake kallon zangon farko kafin na iya ba shi amsa.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar Channel 5 ta Ingila ce ta fara nuna shi a 2020, bayan wanda BBC ta yi daga 1978 zuwa 1990. An gina shi a kan littattafan James Herriot, sunan alƙalami na Alf Wight, likitan dabbobi da ya gama karatu a Glasgow a 1939, ya yi aiki shekaru da dama a garin Thirsk na yankin Yorkshire. Labarin ya fara a 1937: saurayi sabon likita ya sami aiki a wani ƙauye da aka laƙaba wa suna Darrowby, ƙarƙashin maigida mai saurin fushi, Siegfried Farnon.

Bari in fara da yabo, don ya cancanta. Duk wanda ya taɓa karɓar haihuwar saniya da tsakar dare zai gane kansa a kashi na farko. Mutum kwance a ƙasa, hannu ciki har kafaɗa, yana lalubar kan maraƙin da ya karkace, mai saniya na tsaye a kansa yana kallon ko yaron nan ya san abin da yake yi. Bokitin ruwan ɗumi da sabulu su ne kayan aikin. Lokacin penisilin bai shigo hannun likitoci ba. Wallahi wurin ya fi kama da abin da muka gani a rugage lokacin da muke ɗalibai fiye da asibitin dabbobi na Ingila ta yau.

Amma ku lura da hannun nan, babu safa. Kyamara ta nuna shi a matsayin jarumta, alhali ta nan ƙwayar Brucella ke shiga jikin mutum. Ita ce ke kawo bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana nan cikin ruwan haihuwa da mabiyiya da madarar da ba a tafasa ba. A jikin mutum zazzaɓi take kawowa mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, shi ya sa a wajenmu ake yawan ɗaukarta maleriya ko taifod. Wight kansa ya yi fama da ita. A zangon da na kalla kuwa, likita yana wanke hannu ya tafi gida ya tarar da abinci mai zafi, shi ke nan.

Inda na fi samun matsala shi ne kashi na uku. James ya duba wani dokin tsere mai tsada, Andante, ya gano hanjinsa ya murɗe ba zai tashi ba, ya yanke shawarar kashe shi don ya huta da azaba. Mai dokin ya fusata, gari ya juya masa baya. An nuna nauyin wannan shawara da kyau, har ka ji tausayinsa. To amma kafin a tashi, binciken gawa ya tabbatar da cewa yana da gaskiya, kowa ya sauko. A aikin gaske sau nawa ake binciken gawa? Dabba ta mutu, mai ita ya tafi da zarginsa, kai kuma ka kwana kana juya abin a ranka ba tare da wanda zai wanke ka ba. Wannan kwanan shi ne shirin ba ya so ya nuna.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne. A 2019 masu bincike na hukumar CDC ta Amurka sun duba bayanan likitocin dabbobi 11,620 da suka rasu tsakanin 1979 da 2015. Sun samu cewa kason waɗanda suka kashe kansu ya ninka na sauran jama'a sau 2.1 a maza, sau 3.5 a mata. A yi hattara da lissafin fa: kaso ne cikin waɗanda suka mutu, don haka idan wasu cututtuka ba su cika kashe wani rukuni ba, kason zai ɗan kumbura. Duk da haka binciken da aka yi a Birtaniya ma ya nuna hanya ɗaya. Dalilan da ake kawowa sun haɗa da tsawon lokacin aiki, bashin karatu, rigima da masu dabbobi kan kuɗi, da kusanci da magunguna masu haɗari. Mutanen da aka gina labarin a kansu ma ba su tsira ba. Wight ya shiga damuwa mai tsanani bayan rasuwar mahaifinsa a 1960. Donald Sinclair, wanda shi ne Siegfried na ainihi, ya kashe kansa a 1995, jim kaɗan bayan rasuwar matarsa.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, ba darasi ba. Na yarda, da a ce mutane ba sa zaɓar sana'a saboda shi. Yaron da ya kalla a Ingila ya shiga aikin zai tarar da wata duniya daban: yawancin aikin karnuka ne da kyanwa, mata sun fi maza yawa, fiye da rabin asibitocin kuma manyan kamfanoni ne suka mallake su. Sannan babu nas ko ɗaya a Darrowby. Wannan ba laifin marubutan ba ne, sai 1961 aka fara horar da su a Birtaniya, kuma sai 1984 aka yarda a kira su nas. Amma mai kallo zai tashi da tunanin likita shi kaɗai ke yin komai, alhali yau nas ce ke lura da dabba a lokacin tiyata da bayanta. Mu ma nan, ma'aikatan lafiyar dabbobi masu difloma su ne ke zagaya rugage da allurar rigakafi, ba wanda ke yin fim a kansu.

Alƙaluman Amurka nasu ne, ba zan ɗora mana su ba. Damuwar likita a Gusau ko Maiduguri ta haɗa da abin da Herriot bai sani ba: hanyar ruga da ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, da makiyayin da ya riga ya sayi allura a kasuwa ya yi wa saniyarsa sau uku kafin ya kira ka, sannan idan ta mutu kai ne ka kashe ta.

Abin da na gaya wa ɗalibin shi ne ya ci gaba da kallo, shirin yana da daɗi. Amma karatun shekara shida ne, ko a Zariya ko a Sakkwato. Kafin ya cike fom ya nemi izini ya bi likitan da ke duba nama a kwata na mako guda, daga asuba, ya tsaya kusa da shi ranar da zai ce wa mahauci wannan naman ba zai shiga kasuwa ba.