Mafarki a Tsakiyar Birni: Tarken Littafin The Famished Road na Ben Okri

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, akwai matsala ɗaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci a ƙasar nan, watau me za a ba mutum ya karanta bayan ya iya karatu. Littattafan koyon baƙi da wasali akwai su, haka nan ƙasidun noma da kiwon lafiya. Amma littafin hira wanda magidanci zai ɗauka don kansa, ba don malami ya sa shi ba, shi ne ya yi ƙaranci. Yanzu kuwa da babbar dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗora Hausa bisa matsayin harshen ƙasa, tambayar ta ƙara nauyi.

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba wani ƙagaggen labari da aka gina kan mafarki da iskoki a cikin birni, a auna ƙarfinsa da rauninsa, sannan a ga abin da marubucin Hausa zai ɗauka da abin da zai bari. Littafin shi ne The Famished Road, wanda za mu iya kira Mayunwaciyar Hanya. Ben Okri, wanda aka haifa a Minna a 1959, shi ya rubuta shi da Ingilishi. An buga shi a Landan a 1991, a shekarar kuma ya ci kyautar Booker. Akwai fassararsa ta Faransanci mai suna La Route de la faim.

2.0 Labarin a taƙaice

Mai ba da labarin wani yaro ne, Azaro, wanda Yarbawa ke kira abiku, watau yaron da ya yi alkawari da abokansa na duniyar iskoki cewa in an haife shi ba zai daɗe ba zai komo. Azaro ya karya alkawarin, ya zaɓi zama, saboda tausayin uwarsa. Daga nan abokan nasa suka dinga aiko masa da manzanni don su mai da shi.

Iyayensa talakawa ne, suna haya a ɗaki ɗaya cikin wata unguwa ta bayan gari, a wani birni da ba a faɗi sunansa ba, gab da samun mulkin kai. Uban ɗan dako ne, daga baya ya zama ɗan dambe. Uwar talla take yi. A unguwar akwai mashayar Madam Koto, inda mutane da iskoki ke cakuɗa, kuma ita Madam Koto tana ta ƙara dukiya da ƙiba tun da ta haɗa kai da Jam'iyyar Masu Kuɗi. Labarin bai da wani ƙulli guda da ake jiran warwarewa. Yaro ya fita, ya ɓata, ya ga abin al'ajabi, ya dawo gida ya tarar da yunwa da bashi.

3.0 Inda littafin ya yi ƙarfi

3.1 Shigo da iska cikin gari

A ƙagaggun labaran Hausa na farko, wanda ke son ganin abin al'ajabi sai ya yi tafiya. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja (1934) sai da ya bar gida ya ratsa ƙasashe kafin ya shiga hannun aljannu. Haka Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a shekarar. A Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969) ma sararin samaniya aka tafi. Ko a wajen Yarbawa, Fagunwa da Amos Tutuola daji suka kai taurarinsu. Okri ya juya wannan tsari. Iskokinsa suna kasuwa, suna mashaya, suna bakin titi, domin dajin da suke zaune ana ta sare shi ana gina gidaje. Mai karatu na ganin dajin yana raguwa daga babi zuwa babi, iskokin kuma suna ƙaruwa cikin mutane.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Ƙwanni, inda Masalata da bikin arwarta ke kusa da gari mai tashoshin mota da kasuwar kan iyaka. A 2002 Adeline Masquelier ta wallafa nazari kan labaran da mutanen Dogon Dutsi ke bayarwa game da iskokin da ke tare matafiya a babbar hanya ta 1, wadda ta ratsa Ƙwanni da Galmi. Ashe kayan aikin suna nan a bakin jama'a, marubuci ne bai ɗauka ba tukuna.

3.2 Al'ajabi bai rufe talauci ba

Babban abin yabo shi ne mafarkin bai zama mafaka ba. Duk inda Azaro ya je cikin duniyar iskoki, in ya farka ɓeraye na cin buhun uwarsa, mai gida na ƙara kuɗin haya, masu bin bashi na ƙofa. Wurin da ya fi kowane tsayawa a rai shi ne wannan: ƴan siyasa sun zo da mota suna rabon madarar gari don neman ƙuri'a, mutane suka yi ta turereniya, kashegari unguwa duka ta kama amai domin madarar ta lalace. Da motar ta sake dawowa sai aka ƙone ta. Mai ɗaukar hoto na unguwar, wanda ya ɗauki abin da ya faru, ya zama abin farauta. Wanda ya taɓa ganin rabon kaya lokacin zaɓe ba ya bukatar a fassara masa wannan.

3.3 Tatsuniyar hanya da siffar ƙasa

Sunan littafin ya samo asali daga tatsuniyar da uban ya ba ɗansa, ta wani ƙaton Sarkin Hanya wanda ba ya ƙoshi. Ya cinye hadayar da ake kai masa, ya cinye masu kai ta, a ƙarshe ya cinye kansa, cikinsa kaɗai ya rage ya narke ya zama hanya. Shi ya sa har yau hanya ke cin mutane. Tatsuniyar gajera ce, tana da kai da gindi, kuma ta ɗauki nauyin littafin duka. Haka nan kwatanta ƙasa da abiku, mai zuwa tana komawa ba ta yanke shawarar zama ba, hikima ce da ta haɗa jigon gida da jigon siyasa ba tare da an tilasta ba.

4.0 Inda littafin ya yi rauni

4.1 Tsawo da maimaici

Littafin ya kai shafi 500, amma abin da ya faru a ciki bai kai haka ba. Zubinsa zagaye ne: ɓata, gani, dawowa, duka, faɗa a mashaya, sannan a sake. Damben uban ma haka, daga wannan abokin karawa sai wancan, kowane ya fi na baya ban tsoro, kowane kuma ya ƙare da jinya. Masu kare littafin sun ce da gangan ne, domin rayuwar abiku kanta zagaye ce. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta warkar da gajiyar mai karatu. Ita ma tatsuniya tana maimaici, amma nata ƙidayayye ne, sau uku ko sau bakwai, kuma kowane zagaye yana matsar da labari gaba. A nan kuwa ana iya cire babi da yawa daga tsakiya ba tare da an ji giɓi ba.

4.2 Mafarkin da bai da iyaka

Wannan shi ne raunin da ya fi shafar mai karatun Hausa. A wurinmu mafarki abu ne mai daraja saboda yana da iyaka kuma yana da fassara. Malamai sun kasa shi uku: na gaskiya wanda bushara ne, da na Shaiɗan, da na zancen zuci. Littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin sananne ne a wajen masu sayar da littattafai a kasuwanninmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya ba da labarin ganin da ya yi a 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya. Watau mafarki ɗaya, ma'ana ɗaya, sannan aiki.

A littafin Okri babu wannan iyaka. Ba a san inda barci ya ƙare ido biyu ya soma ba, kuma abubuwan mamaki suna zuwa jere, mai kai biyu, mai ido uku, mai tafiya da baya, har su daina ba da mamaki. Abin da ya yi yawa ya kan rasa kima. In aka gwada da wurin da iska mai kai uku ya ja Azaro zuwa bakin mutuwa bayan yaron ya ƙi cin abinci don fushi da ubansa, sai a ga bambanci. A can akwai dalili, akwai abin da za a rasa, muryar uban da ke roƙo kuma tana ratsowa cikin mafarkin. Irin wannan wuri bai da yawa.

4.3 Murya da harshe

Yaro ne ke magana, amma sau da yawa bakin dattijo ake ji, mai jawabi kan tarihi da makomar ɗan Adam. Wannan ya fi fitowa a ƙarshe, inda uban ya farka daga doguwar suma ya shiga wa'azi, marubucin kuma ya faɗi da baki abin da labarin ya riga ya nuna. Bugu da ƙari, birnin bai da suna, mutanensa kusan duk Ingilishi ɗaya suke yi. Birnin da ɗan dako da mai gida da karuwa ke magana da murya ɗaya ya yi asarar rabin rayuwarsa.

4.4 Mata da naƙasassu

Uwar Azaro haƙuri kawai aka ba ta. Macen da ta sami dukiya da iko kuwa, Madam Koto, sai aka mai da jikinta abin ƙyama, tana kumbura, ƙafa na ciwo, ciki ɗauke da ƴaƴan iska. Haka nan makafi da guragu da mabarata, galibi an yi amfani da surarsu don tsoratarwa, ko da yake uban ya yi burin gina musu makaranta. Littafin da za a kai ajin manya, inda mata ke zaune, naƙasassu ma na zuwa, dole a lura da wannan.

5.0 Abin da ya shafi masu tsari

Na farko, ba mu ga amfanin fassara littafin duka don sababbin masu karatu ba. Tsawonsa da zubinsa za su kashe musu gwiwa. Abin da ya fi shi ne a nemi izini a ciro sassa uku masu cin gashin kansu, watau rabon madara, da Sarkin Hanya, da tafiya da iska mai kai uku, a fassara su a gwada a cibiyoyin Ƙwanni da Malbaza da Illela, a ji abin da masu karatu za su ce.

Na biyu, aikin zai tayar da tambayoyin kalmomi waɗanda suka cancanci bincike. Ɗan wabi shi ne mafi kusa da abiku, sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas kuma shaida ne cewa Bahaushe ya san wannan baƙin ciki ya kuma nemi dabarar kauce masa. Amma wabi ya fi karkata ga halin uwar da ƴaƴanta ke mutuwa, abiku kuwa ga niyyar shi yaron. Haka kuma kalma ɗaya ta Ingilishi da Okri ke amfani da ita ga dukan halittun ɓoye, a Hausa dole a zaɓa tsakanin iska da aljani da fatalwa da kurwa, kuma kowace da hukuncinta a zuciyar mai karatu. Mai fassara ba zai iya ɓuya inda marubucin ya ɓuya ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Babu abin da zai hana a yi irinta a jahar Tawa, a nemi gajerun labarai na mafarki da iskoki waɗanda ke faruwa a wuraren da aka sani da suna: tashar mota ta Ƙwanni, masana'antar siminti ta Malbaza, gonakin albasa na Galmi. A bar bayanin marubuci cikin daidaitacciyar Hausa bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, amma a ƙyale taurari su yi maganarsu ta gida, mai cewa ɗiya ya ce ɗiya, mai cewa biyat ya ce biyat.

6.0 Kammalawa

The Famished Road littafi ne babba mai aibi babba. Ya nuna cewa ana iya ba da labarin haya da bashi da ƙuri'a ta bakin yaron da ke ganin abin da sauran mutane ba su gani, ba tare da an raina ko ɗaya daga duniyoyin biyu ba. Ya kuma nuna, ba da niyya ba, cewa mafarkin da aka sake shi ba linzami ya kan gajiyar. Marubucin Hausa yana da abin da zai gyara wannan da shi, domin ya gaji al'adar da ke tambayar kowane mafarki daga ina ya zo, me kuma yake nufi. Abin da ya rage ga masu tsari shi ne su sama masa gasa da maɗaba'a da masu karatu.