Jinjina ga Masu Gyaran Kwamfuta a Bagwai

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibin Bagwai, wanda mahaifinsa ke noman rani a gefen madatsar ruwan Watari, ya wajaba a kansa ya nemi ilimin wannan na'ura. Kuma haƙiƙa tsofaffin kwamfutocin da ake koyo a kansu da tuni sun zama tarkace, ba don hikimar samarin nan masu gyara ba, Allah Ya saka musu da alheri.

Na shaida ɗayansu ya sayo RAM daga titin Beirut a birnin Kano, ya zare wutar kwamfutar da zai gyara, ya taɓa ƙarfen akwatin don sauke cajin jikinsa, sannan ya duba tsagarta, domin DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3 ko an tilasta mata. Da ya saka ta ya kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin, na'urar tana ta kuka. Bai firgita ba, gama ya san illar ƙurar hunturu: ya cire, ya goge haƙoran, ya hure gurbin, ya danna har maƙallai biyun suka ce ƙas. Allo ya haskaka, gigabait 4 ta koma 8, yara suka ja kujeru.