Sardauna da Malam a Bango Ɗaya

A zauruka da ɗakunan Bagwai, har da rumfar mai shayi a kan hanyar Bichi, akwai wata kalanda da ba a sauke ta ko shekararta ta wuce. Ita ce mai hotunan mazan jiya: Sardauna Ahmadu Bello da rawaninsa a tsakiya, Abubakar Tafawa Ɓalewa a damarsa, Malam Aminu Kano a hagu, sai Janar Murtala cikin kaki. Wanda ya buga ta bai sa sunansa ba, amma ya san aikinsa.

Bai yi wa fuskokin kwalliyar kwamfuta ba. Ya bar su fari da baƙi yadda aka ɗauke su, hular Malam kaɗai ya shafa wa ja, kuma wannan jan shi ke fara jan ido daga bakin ƙofa. Ƙarƙashin kowane hoto akwai ranar rasuwa: 15 ga Janairu 1966, 13 ga Fabrairu 1976, 17 ga Afrilu 1983. Mai karatu kan tsaya ya ce Allah ya jiƙansu. Yaron da ya san Sardauna a jikin naira 200 kawai, a nan yake tambayar kakansa ko wane ne. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga takardar da aka kafe da ƙusa.

Inda na so a ƙara kula shi ne jeren. An zaunar da Sardauna da Malam kamar 'yan ɗaki ɗaya, alhali tun kafa NEPU a 1950 suke jayayya, kuma ƙauyukan ƙasar Kano ne suka ɗanɗani zafinta: kamun 'yan doka, bulala a gaban alƙali, haraji da jangali da Abubakar Rimi ya soke da ya hau kujerar gwamna a 1979. Da an sa fartanyar NPC ta Sardauna da tauraron NEPU ta Malam a gefen hotunan, da dattijo ya sami bakin zaren da zai ja ya ba jikoki labarin.

Sannan babu mace ko ɗaya. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka sha ɗaurewa saboda wannan gwagwarmaya, ta cancanci gurbi, balle a takardar da ake liƙawa sama da jeren kwanukan uwargida. Akwai fili ƙarƙashin hoton Malam da zai ɗauke ta.