Ranar da Fangio Ya Nuna Tuƙi Sana'a Ce

Duk mai ƙafa zai iya taka totur, amma ba kowa ne direba ba. Mai neman shaida ya duba abin da Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina, ya yi a tseren motoci na Jamus ranar 4 ga Agusta, 1957.

Titin Nürburgring ba wurin wasa ba ne. A lokacin tsawonsa kilomita 22.8 cikin daji da tuddai, kwanoninsa sun haura 170, kuma sau 22 ake zagaya shi. Mike Hawthorn da Peter Collins, 'yan Ingila masu tuƙa Ferrari, suka cika tanki don su gama ba tsayawa. Shi kuwa Fangio rabin tanki ya zuba wa Maserati 250F ɗinsa, don ta rage nauyi ya ba su rata, sannan ya tsaya ya sha mai ya canza taya.

Lissafi ya tafi daidai har ya tsaya. Nan notin taya ya suɓuce wa makanike, ya gangara ƙarƙashin mota. Kafin a gano shi a ɗaure, Ferrari biyun sun yi gaba da kusan daƙiƙa 50.

To, a nan gwani ya nuna kansa. Kowane direba yakan rage giya kafin kwana. Fangio ya san titin kamar yunwar cikinsa, sai ya riƙa shiga kwana da giyar da ke sama da wadda ya saba, a inda kuskure kaɗan zai haɗa mutum da bishiya. Bayan motar na zamewa, yana tallafe ta da sitiyari da totur. Ya yi wani zagaye a minti 9 da daƙiƙa 17.4, wato ya zabge daƙiƙa 8 daga lokacin da ya ba shi sahun gaba a gwaji.

Tsawon titin ma ya yi masa rana. A lokacin babu rediyo a mota, da allo ake yi wa direba ishara, sau ɗaya a kowane zagaye. Kafin labari ya isa ga 'yan Ferrari, Fangio ya riga ya cinye wani kaso na ratar.

A zagaye na 21 ya wuce Collins, ya wuce Hawthorn, ya ci tseren da ratar da ba ta kai daƙiƙa 4 ba. Da haka ya rufe gasar shekarar, saura tsere biyu, ya ɗauki kambun duniya na biyar yana da shekara 46. Ita ce nasararsa ta 24 a gasar, kuma ta ƙarshe. Ba a zarce kambuna biyar ɗin nan ba sai a 2003, a hannun Michael Schumacher.